Masu taya alƙali shari'a da matsalar wayar hannu

Masu taya alƙali shari'a, waɗanda kafofin labarai na Larabci ke kira hai'atul muhallafin, mutanen gari ne da kotu ke gayyatowa su saurari shari'ar laifi su ce wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. A Ingila mutum 12 ne, ana tsamo sunayensu daga rajistar masu zaɓe. Ba su ne muhutan da Bahaushe ya sani a gaban alƙali ba, domin muhuti malami ne mai ba da shawara, su kuwa ba a neman su da sanin doka, kuma maganarsu ita ce hukunci. Saudiyya ba ta da wannan tsari, haka ma Sudan. Mazaunin Makka ko Jidda ya saba da alƙali ne, ko alƙalai 3 idan shari'ar ta kai ga kisa ko yanke gaɓa. Sai dai ƙa'idar da matsalar wayar hannu ta taɓa ba baƙuwa ba ce: mashhurin zance a mazhabar Malikiyya da Hambaliyya shi ne alƙali ba ya hukunci da saninsa, kuma dokar shari'ar laifuka ta Saudiyya ta ɗaure shi a kan hujjar da aka gabatar a zaman kotu. Rantsuwar da masu taya alƙali ke yi ke nan, ita ce kuma waya ke karyawa.

Yadda saɓon yake faruwa

Mafi yawa bincike ne. Mutum ya koma gida ya rubuta sunan wanda ake tuhuma a Google, ko ya nemi ma'anar wata kalmar likitanci, ko ya duba taswirar wurin da abin ya faru don ya auna tazara. A ganinsa ƙwazo ne. Illar ita ce abin da ya gani bai bi ta gaban lauyoyi ba, babu wanda ya yi masa tambayoyin ƙure, wanda ake tuhuma ma bai san da shi ba balle ya kare kansa. Taswirar na iya zama ta shekarun baya, sunan na iya zama na wani mai kama da shi. Mafi muni shi ne tsohon zargi, wanda sau da yawa alƙali da kansa ya hana a ambata. A wata shari'a a garin Luton na Ingila, wata malamar jami'a cikin masu taya alƙali ta gano a intanet cewa an taɓa tuhumar mutumin da fyaɗe, ta faɗa wa sauran. An rushe zaman, ita kuma aka yanke mata wata 6 a 2012.

Sai kuma magana da waje. A 2011 an ɗaure wata mai taya alƙali wata 8 saboda ta yi hira a Facebook da wata da aka riga aka wanke a shari'ar miyagun ƙwayoyi a Manchester, alhali ba a gama da sauran waɗanda ake tuhuma ba. A shekarar dai, Kotun Ƙolin jihar Arkansas ta Amurka ta soke hukuncin kisa, kuma cikin dalilanta har da wani mai taya alƙali da ya ci gaba da rubutu a Twitter bayan alƙali ya ja masa kunne.

Yawan abin

Binciken Farfesa Cheryl Thomas da Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya ta fitar a 2010 ya nuna kashi 12 cikin 100 na waɗanda suka zauna a shari'o'in da suka yi ƙaurin suna sun amsa cewa sun nemi bayani a intanet, kashi 5 kuma a sauran shari'o'i. Wannan adadin masu amsa laifinsu ne kawai. A jihar Florida ta Amurka a 2009, bayan mako 8 ana wata shari'a, an kama mutum ɗaya, da alƙali ya tambayi sauran sai wasu 8 suka ce su ma sun yi.

Abin da kotu ke yi

Idan labari ya iso ga alƙali, yawanci ta ɗan rubutun da wani abokin zama ya aiko, sai ya fara jin lauyoyin ɓangarorin biyu ba a gaban masu taya shi ba. Daga nan a kira wanda ake zargi shi kaɗai a tambaye shi me ya gani, yaushe, wa ya faɗa wa. Amsar tambayar ƙarshe ce ke yanke magana. In bai faɗa wa kowa ba, sai a sallame shi a ci gaba. Dokar Ingila ta yarda muddin ba su gaza 9 ba, a Amurka kuma akan ajiye 'yan ko-ta-kwana tun farko. In kuwa zancen ya yaɗu, sai a sallami kowa a sake sabon lale, wanda aka zalunta ya sake tsayawa ya maimaita abin da ya same shi, wanda ake tuhuma ya ƙara watanni a tsare.

Tun Afrilun 2015 Ingila da Wales suka mayar da binciken, da yaɗa shi ga abokan zama, laifuka masu ɗaurin da ya kai shekara 2, suka kuma ba alƙali ikon karɓe wayoyi. Jihohin Queensland da New South Wales na Ostareliya sun riga su yin irin wannan doka. Karɓe waya dai ɗakin shawara kaɗai yake tsarewa, mutum zai kwana a gidansa da ita. Shi ya sa alƙalai suka koma bayyana dalilin hanin suna maimaita shi duk yamma, tare da ba da damar aiko tambaya a rubuce, don wanda aka ce masa "kar ka yi" kawai yakan zaci ana ɓoye masa wani abu ne.

Gano saɓon shi ne mai wuya, saboda shawarar da ake yi a ɗakin sirri ce da doka ta kare. A Amurka ana iya tambayar mutum ko bayani ya shigo daga waje, amma ba a tambayarsa yadda ya sauya masa tunani. Akasari sa'a ce ke tona asiri. A shari'ar wani mai suna Karakaya a Ingila a 2005 ma'aikacin kotu ne ya tsinci takardun da aka sauke daga intanet bayan an yanke hukunci, kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi. A Canberra, babban birnin Ostareliya, a Oktoban 2022 ma haka aka yi: jami'in kotu ya ture wata jakar takardu yana gyaran ɗaki, sai ga maƙalar bincike a ciki, aka rushe shari'ar washegari.