Wasiƙun sojojin Ostareliya a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Wasiƙun da sojojin Ostareliya suka aika gida daga 1914 zuwa 1918, tare da ƙananan littattafan da suka riƙa rubuta abin da ya same su kullum, suna cikin manyan kafofin sanin yadda ƙaramin soja ya ɗanɗana wannan yaƙi. Mutanen ƙasar a lokacin ba su kai miliyan 5 ba, amma fiye da mutum 330,000 suka ƙetare teku, kowa bisa son ransa, kuma kimanin 60,000 ba su dawo ba.

Nisan gida

Jiragen ruwan farko sun tashi daga tashar Albany a yammacin Ostareliya ranar 1 ga Nuwamba 1914. An horar da sojojin a sansanin Mena, kusa da dalar Masar, daga nan aka sauke su a Gallipoli, a gaɓar tekun Turkiyya, ranar 25 ga Afrilu 1915, inda kimanin 8,700 suka mutu kafin a janye a watan Disamba. Daga 1916 akasarinsu suka koma Faransa da Beljiyam.

Sojan Ingila kan samu hutu ya je ya ga iyalinsa. Na Ostareliya kuwa iyakarsa Birtaniya, don tafiyar gida ta makonni ce a kan teku. Sai a ƙarshen 1918 aka bai wa waɗanda suka shiga tun 1914 izinin komawa. Saboda haka takarda ce kaɗai ta riƙe zumunci shekara uku ko huɗu, ita ma takan yi wajen mako shida a hanya, wani lokaci fiye. Ya sha faruwa uwa ta karɓi wasiƙar ɗanta yana cewa yana nan lafiya, alhali an riga an sanar da ita rasuwarsa.

Abin da ke cikin wasiƙun

Hafsoshi ne ke tace wasiƙun kafin a aika, su goge sunan wuri da duk abin da zai amfani abokan gaba. Amma sojan da kansa yakan fi hafsan tacewa. Wanda ya kwana cikin taɓo da ƙwarƙwata, gawar abokinsa na gefe, sai ya rubuta wa mahaifiyarsa labarin sanyi da abinci, ya tambayi yadda gona take da ko an yi wa tumaki sausaya. Gaskiyar abin takan fito ne a littafin aljihu, ko a wasiƙar da aka rubuta wa wa ko ƙane. Bayan gumurzun Fromelles a Faransa, inda aka kashe, aka raunata ko aka kama 5,533 cikin dare guda a Yulin 1916, da na Pozières, shi ma a Faransa, inda adadin ya kai kimanin 23,000 cikin 'yan makonni, rubutun da yawansu ya sauya, zumuɗin ganin duniya ya ragu ƙwarai.

Albashin ƙaramin soja sule shida ne a rana, ana ajiye masa ɗaya sai ya gama aiki, magidanta kuma ana yankar wani kaso a bai wa matansu.

Daga gida kuma ana aiko da safa da mata suka saƙa da hannu, da taba, da biskit, da jaridun gari. A Kirsimetin 1915 an raba wa sojoji gwangwanayen dafa shayi cike da tsaraba. Wasu iyalai kan sa busasshen ganyen bishiyar turare cikin ambulan, ana kuma ba da labarin cewa sojoji kan ƙona shi su taru suna shaƙar ƙanshin dajin ƙasarsu.

Labarin mutuwa

Saƙon waya ne ke kawo labarin, kuma sau da yawa limamin coci ake ba ya kai, har wasu iyalai suka riƙa fargabar ganinsa a ƙofar gida. Saƙon gajere ne, ba ya faɗin yadda mutum ya mutu ko inda aka binne shi. Wannan ne ya sa Vera Deakin, 'yar tsohon Firayim Minista Alfred Deakin, ta buɗe ofishin binciken waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka ɓace a ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross a Alƙahira a 1915, ya koma Landan a 1916. Ma'aikatansa na bin asibitoci da sansanoni suna tambayar waɗanda suka ga abin da idonsu, su rubuta wa dangi. Kusan fayil 32,000 ya rage daga wannan aiki, kuma a cikinsu ake jin muryar sojoji ba tare da kwaskwarima ba.

Ba a mayar da gawa gida. Manjo Janar William Bridges ne kaɗai aka dawo da shi lokacin yaƙin, sai wani soja da ba a san sunansa ba da aka tono daga Faransa aka binne a Canberra a 1993. Abin da aka bar wa iyali shi ne su zaɓi kalmomin da za a sassaƙa a dutsen kabarin, kada su wuce harafi 66, kabarin da akasarinsu ba su taɓa gani ba har suka mutu.

Batutuwan da ake saɓani a kai

An yi ƙuri'ar raba gardama kan tilasta shiga soja a 1916 da 1917, duka biyun aka ƙi. Su sojojin kuwa sun goyi bayan tilastawar, amma da ƙaramin rinjaye, kuma masana sun rabu kan dalilin. 'Yan asalin ƙasar, wato Aborijin, an ƙiyasta fiye da 1,000 sun yi yaƙin, amma rubutunsu kaɗan ne aka adana.

Adana takardun

Ɗakin karatu na Mitchell a Sidni ya soma sayen littattafan sojoji tun wajen ƙarshen yaƙin. Charles Bean, wakilin jarida da ya zauna tare da su a Gallipoli da Faransa, shi ya jagoranci rubuta tarihin yaƙin cikin juzu'i 12, ya kuma tsaya kai da fata aka kafa gidan tunawa da mazan jiya a Canberra, wanda aka buɗe a 1941. An saka da yawa daga cikin takardun a intanet.