Saka mahaɗai ta atomatik a labaran intanet

Saka mahaɗai ta atomatik aiki ne da manhaja ke yi a madadin edita: ta karanta labari, ta tsamo sunayen mutane da wurare da hukumomi, ta mayar da su kalmomin da mai karatu zai latsa ya samu ƙarin bayani. Mahaɗin kan kai shi tsohon rahoton jaridar, ko maƙalar Wikipedia, ko takardar da labarin ya dogara da ita.

Gano suna ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne tantance wanda ake nufi. Idan labari ya ambaci Jojiya, ƙasar da ke makwabtaka da Rasha ce, ko jihar da ke Amurka? Manhajar kan duba kalmomin da ke kewaye da sunan. In ta ga Tbilisi, babban birnin ƙasar, sai ta ɗauki ƙasar, in ta ga Atlanta, babban birnin jihar, sai ta ɗauki jihar. Idan labarin bai ba ta wata alama ba, takan koma ga ma'anar da aka fi amfani da ita, kuma a nan ne mutumin da ba a san shi ba yake wayar gari an haɗa sunansa da shafin wani takwaransa sananne, wataƙila ma mai laifi. Wannan ba ƙaramin lahani ba ne, shi ya sa ya dace manhaja ta kawo shawara kawai, edita ya amince ko ya ƙi.

A 2007 masu binciken kimiyyar kwamfuta Rada Mihalcea da Andras Csomai suka fito da tsarin Wikify!, wanda ya koyi aikin daga yadda editocin Wikipedia ke saka mahaɗai da hannu. A 2008 David Milne da Ian Witten suka inganta dabarar, kamfanin Reuters kuma ya buɗe wa jama'a manhajar OpenCalais, wadda ke tsamo sunaye daga rubutu. BBC ta yi amfani da makamancin wannan tsari wajen haɗa shafukan 'yan wasa da ƙasashe a gasar cin kofin duniya ta 2010.

Tun farko dai an yi jayayya kan wa ke da ikon saka mahaɗi a rubutun wani. A 2001 Microsoft ta shirya sanya Smart Tags a manhajarta ta shiga intanet, Internet Explorer 6, abin da zai ƙara mahaɗai a kowane shafi ba da iznin mai shi ba. Sukar da aka yi mata ta yi yawa har ta janye. Wasu shafukan kuma kan yi amfani da dabarar don talla, mai karatu ya latsa yana neman bayani ya tarar da haja.

Mahaɗi ma yakan mutu. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2021 ya gano cewa kusan kashi 25 cikin 100 na mahaɗan da ke kai wa ga takamaiman shafuka a labaran New York Times sun daina aiki. Saboda haka ake adana kwafin shafukan a rumbuna irin su Wayback Machine, a mayar da mahaɗin can idan na asali ya ɓace.