Waiwaye: Yadda haya ta zama nauyi a birnin Katsina

A da, a cikin ganuwar Katsina, mutum a gidan gado yake aure. A yanka masa sashe, ya tayar da ɗaki. Baƙo kuma yana da mai masauki. Haya ta fi yawa a unguwannin baƙi da na ma'aikata.

Abin ya sauya a 1987, da gwamnatin Babangida ta cire Katsina daga jihar Kaduna. Ma'aikata suka dawo gida da iyalansu, kowa na neman ciki da falo. Gwamnatoci sun gina rukunin gidaje irin su Barhim da Fatima Shema, amma gidan da aka ce na mai ƙaramin ƙarfi ne sau da yawa mai hali ke samu, ya kuma zuba 'yan haya. Buɗe Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaro ɗalibai da malamai. Sai ga rashin tsaro ya koro mutanen Batsari, Jibiya da Safana cikin birni, iyali guda su cunkushe a ɗaki ɗaya, wasu a kangon da ba ƙofa. Janye tallafin mai a 2023 da tsadar siminti suka ba masu gidaje hujjar ƙari.

Inda ya fi ciwo shi ne kuɗin shekara. Ma'aikaci wata-wata ake biyansa, mai facin taya kullum yake nema, amma a ce su kawo na wata goma sha biyu a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Na san magidancin da ya sayar da gadon matarsa don kada a fitar masa da kaya. Yarjejeniyar ma baki da baki ce, ba rasit. Ranar da mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, sai tashi, ko a je wa mai unguwa ya roƙa wata biyu.

Legas ta yi dokar haya a 2011, ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara daga sabon ɗan haya. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai wa Majalisar Dattawa ƙudirin biyan haya wata-wata a Abuja. Mai gida ma yana da haƙƙi, wani gidan ne abincin marayu. Shi ya sa nake ganin Majalisar Dokokin Katsina ta fara da wajabta rubutacciyar yarjejeniya, wa'adin tashi bayyananne, da ƙayyade la'ada.