Waiwaye: Yadda masana suka sa wa yiwuwar al'amura masu alaƙa iyaka

Idan aka jefa kwabo sau biyu, yiwuwar fuskar da aka zaɓa ta fito duka biyun ita ce rabi sau rabi, wato ɗaya cikin huɗu. Wannan ninkawa tana aiki ne don jifan farko ba ruwansa da na biyu. To amma galibin al'amura a ɗamfare suke da juna, kuma sau da yawa ba a san ƙarfin alaƙar ba. Nan ne masana suka koma neman iyakar sama da ta ƙasa, maimakon amsa guda.

George Boole, Baturen Ingila, ya yi nazarin wannan tun a 1854. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa ta ce yiwuwar aƙalla ɗaya daga cikin al'amura ya auku ba za ta wuce jimillar yiwuwarsu ba, ko wace irin alaƙa ce tsakaninsu. A 1906 Andrey Markov na Rasha ya nuna cewa jerin al'amuran da kowanne ya dogara da wanda ya gabace shi ma yana bin doka.

A ganina, aikin Maurice Fréchet na Faransa a 1935 ya fi fito da abin fili. A ce al'amura biyu, kowanne yiwuwarsa kashi 70 cikin 100. Mai ninkawa zai ce kashi 49 ne su auku tare. Ƙa'idar Fréchet kuwa ta ce abin da aka tabbatar kawai shi ne tsakanin kashi 40 da 70. Tazarar tana da faɗi, amma gaskiyar ke nan. Bonferroni na Italiya ya ƙara matse iyakokin Boole a 1936, sannan a 1975 masana lissafi Erdős da Lovász suka nuna cewa idan alaƙar ba ta yi yawa ba, akwai damar a kauce wa dukkan munanan al'amuran lokaci guda.

Sakaci da wannan ya taɓa kai uwa kurkuku. A 1999 kotu a Ingila ta ɗaure Sally Clark bisa zargin kashe jariranta biyu, bayan wani likita ya ɗauki yiwuwar mutuwar jariri guda, wato 1 cikin 8,543, ya ninka ta da kanta, ya ce yiwuwar mutuwar farat ɗaya sau biyu a gida irin nata 1 ce cikin miliyan 73. Ya manta cewa jariran jininsu ɗaya, muhallinsu ɗaya. Sai a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta kuwa rasu a 2007.