Rashin Hadari a Sama Ba Ya Hana Ambaliya a Kwazazzabon Hamada

An daɗe ana cewa mai yawon buɗe ido a kwazazzabon hamada ƙishirwa da zafin rana kawai zai ji wa tsoro, kuma muddin sama ta yi garau babu batun ruwa. Dalilin wannan zato a fili yake, domin ana iya shafe watanni ba a ga ɗigon ruwa ba.

Sai dai ƙasar irin waɗannan wurare dutse ce da tsandauri, ba ta shan ruwa da sauri. Idan aka tafka ruwa a kan tudu mai nisa, sai ya gangaro ya haɗu a matsattsiyar hanya guda, ya taho da laka da duwatsu da kututturai cikin 'yan mintuna. A watan Agusta na 1997, ambaliya ta hallaka mutum 11 a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, alhali ruwan da ya haddasa ta ya sauka ne kilomitoci da dama daga inda suke.

Kafin shiga, a duba hasashen yanayi na dukkan yankin da ke zuba ruwa cikin kwazazzabon, sannan a tambayi masu gadin wurin, musamman a lokacin damina, wato daga Yuli zuwa Satumba a Arizona. Bangon dutsen ma shaida ne, domin itatuwan da suka maƙale sama da kan mutum ruwa ne ya ajiye su. Wanda ya ji rugugi daga nesa, ko ya ga ruwa ya fara gurɓacewa, ya hau tudu nan take.

Don Allah a tura wannan bayani ga masu shirin irin wannan tafiya.