Alsatian da German Shepherd Kare Ɗaya Ne

An daɗe ana cewa Alsatian daban, German Shepherd daban, har wasu masu sayarwa kan tsadanta ɗaya. Sunayen ne suka rikita mutane. Iri ɗaya ne, karen kiwon tumaki da aka fara yi wa rajista a Jamus a 1899. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turawan Ingila sun ƙi jinin sunan Jamus, sai suka laƙaba masa sunan yankin Alsas na Faransa. A 1977 aka maido da na asali.

In za ka saya, nemi takardar asalinsa, ka kuma ga uwar da idonka: kunnuwa a miƙe, jela mai gashi tana lilo ƙasa. Don Allah a tura wa masu shirin saye.