Daji rumbu ne na biyu: tambayoyi da amsoshi

A Jos, idan sanyin Disamba ya kankama, gida nawa za ka shiga ba ka tarar da kaskon gawayi ba? Gawayin nan daga ƙauye ya fito, haka daddawar miya da atilin bakin titi.

Mutumin ƙauye ai manomi ne, me ya haɗa shi da daji?

Manomi ne, amma rumbu kan yi ƙasa tun sabon hatsi bai iso ba. Ɗorawa na nuna da bazara, kaɗanya ta soma zuba da faɗuwar damina, daidai lokacin da ake neman kuɗin taki da na cefane. Ga itacen girki, ga ɓawon maɗaci na magani, duk ba da saye ba.

Wace bishiya ce ta fi ciyar da gida?

A ganina ɗorawa, don ba a zubar da komai nata. Garin nan rawaya yara su sha. Kalwar a dafa ta, a surfe, a rufe kwana biyu zuwa uku ta zama daddawa. Ɓawon ma makuba ne, da shi ake daɓe. Sai kaɗanya mai ba da man kaɗe na girki da shafawa. Mu nan Filato muna da atili, musamman wajen Pankshin; a ruwa mai ɗumi ake jiƙa shi, in ruwan ya cika zafi sai ya ƙanƙare. Kuka da tsamiya kuwa ba sai an faɗa ba.

Su wa suka fi dogara da su?

Mata. Su ne ke fita da asubar fari tsintar ƙwarar kaɗanya cikin raɓa, ga fargabar maciji, su dafa, su shanya, su daka. Da kuɗin ake sayen sabulu da littafin yaro. Shi ya sa da gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara waje na wata 6 a Agustan 2025, farashi ya faɗi, su ya fara shafa. Makiyayi ma da rani reshen maɗaci da kawo yake sassaɓo wa shanu, mai sassaƙa na neman kirya don turmi, mai zuma na rataye amya.

To me ya sa suke sare abin da ke ciyar da su?

Don mu a birni muna saye. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta yi tsada, gidaje da dama suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi. Mai yara da yunwa ba ya iya jira. Abin da ke ci mini rai shi ne kaɗanya: sai ta kai wajen shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, amma wuni ɗaya ya isa a kayar da ita. Madobiya kuwa ƙasar Sin aka riƙa kwasarta ana kaiwa, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya, mai kare dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu a 2017.

Dasa itacen turare ba zai maye gurbi ba?

An dasa shi da yawa a wuraren da haƙar kuza ta lalata. Yana ba da dirka da makamashi, amma ba ya shiga tukunyar miya. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 wata dabara suka kama, sassabin zamani: in kututture ya yi toho a gona ba a tumɓuke shi, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kai gida a hura wuta.